Nasiha A Kan Tsakuwa Da Laima A Buhun Shinkafa

 Yau za mu ɗan ajiye zancen farashi mu dubi abin da ke ɗaga shi ko ya kā da shi, wato ingancin kaya.

A wata kaka da ta wuce mun ɗora shanshera mota guda zuwa wani babban kamfanin shinkafa. Kafin a buɗe mana ƙofa sai wani yaro ya fito da ƙarfen nan mai rami, ya soki buhunan sama da na tsakiya da na ƙasa, ya zuba a na'ura, ya ce laima ta yi yawa. Muka yi magiya, muka ambaci sanayya, ya ce ko manaja ba shi da ikon karɓa. Muka juya mota. Kashegari wani mai ƙaramin inji ya saye ta duka, ko bakin buhu bai kwance ba. Ya jibge ta a ɗaki, kafin ya kai ga turarawa ta ɗau zafi, ta yi fumfuna, ƙwaya ta yi baƙi. Ran nan mun ce mun tsira, ashe abokin ciniki na shekaru muka rasa, don har yau bai sāke neman mu ba.

To, masu sarrafa shinkafa a ƙasar nan kashi uku ne. Akwai manyan kamfanoni. Su ba su son shanshera da laimarta ta wuce kashi 14 cikin 100, sai dai su rage kuɗi ko su mayar. Suna da injin cire tsakuwa, da mai tsince baƙar ƙwaya, da sikeli mai cika kilo 50, kuma kowane buhu na ɗauke da lamba da ranar da aka yi shi. In ƙara ta zo, sai a duba littafi a san motar wa ta kawo kayan. Akwai matsakaita, masu injuna kusan irin na manya, amma in man dizal ya yi tsada ko masu saye sun yi layi, sai a tsallake wani injin don aiki ya yi sauri. Sa'an nan akwai ƙanana, irin na unguwa da na ƙauye, inda mata ke turarawa, a shanya a bakin titi, tsakuwa da kashin awaki su shiga, a kai inji a cashe, a zuba a buhun da aka samu.

Wanda ya dubi wannan zai ce ai kuɗi ne, mai babban inji shi ke da kaya mai kyau. Mu ba mu yarda ba. Mun sha auna buhun babban kamfani ya kasa cika, mun kuma san tsofaffi a Kura da shinkafarsu ko tsinta ba a yi. Abin da ya raba su ɗabi'a uku ce: duba kaya tun a ƙofa, rubuta abin da aka gani, da ba mai dubawa ikon ya ce a'a. A kamfanin Toyota na ƙasar Japan, lebura in ya ga aibi yana da igiyar da zai ja, in ta kama a tsayar da layin aiki har a gyara. Igiya kuwa ba tsada gare ta ba, yardar mai gida ita ce mai wuya.

Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin dalar gyaɗa a Kano, lokacin da malaman gwamnati ke duba gyaɗa kafin a karɓi buhu, mai datti a mayar masa ya sāke sheƙewa. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, dubawar ta koma hannunmu, mu kuwa muka sake. Abin da sakacin ya jawo mun gan shi a wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwarin nan da mu ke kira fiya-fiya, wanda a ke zubawa a buhu. Laifin wasu ya shafi kowa, har wanda bai taɓa zubawa ba. Haka kuma da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kasuwa ta buɗe wa 'yar gida, injuna suka yawaita. Wanda ya kyautata kayansa a lokacin ya riƙe masu sayensa, wanda ya yi algus kuwa, da 'yar waje ta sāke leƙowa sai aka guje shi.

Mun san uzurin mai ƙaramin inji: ba wuta, ba jari, mai saye kuma araha ya ke nema. Gaskiya ne. Amma tampol na shanya, da rariya, da sikeli mai gaskiya, da littafin rubuta sunan mai kaya, duk ba su kai kuɗin buhu kaɗan ba. Na'urar auna laima da injin cire tsakuwa kuwa, in mutum ɗaya bai iya ba, ƙungiya ta iya, a yi karo-karo kowa ya riƙa biyan ladan aiki. Hukumar SON tun 1971 ta ke, NAFDAC tun 1993, amma ba mai zaton za su tsaya a ƙofar kowane inji. Mai inji shi ne mai gadin ƙofarsa.

Saura mu. Muddin dillali na yi wa tsabtatacciyar shanshera da mai ƙasa kuɗi ɗaya, manomi ba zai wahalar da kansa ba, don ƙasa ma nauyi ce a sikeli. Muddin mu na ɗaukar abin da babban kamfani ya ƙi mu kai wa ƙarami a ɓoye, mu ne mu ke karya ƙananan, alhali su ne masu sayen kayanmu yau da gobe, har da bashi. Saboda haka mu ke roƙon shugabannin layin hatsi, a Dawanau da sauran kasuwanni, su raba kaya daraja biyu ko uku, kowace da farashinta a fili. Kayan da aka mayar kuma a faɗi dalili kafin a sayar, ko a shanya su tukuna. La'adar da za ta ragu yau ba ta kai mai saye ɗaya da zai dawo baɗi ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Haza wasalamu.