Hoton Hatimi Ba Hatimi Ba Ne

A bara wata takarda ta yi yawo cikin wayoyinmu, ɗauke da sunan ƙungiyar da nake cikinta, da hatiminta, da sa hannun sakatarenmu. Takardar ta ce an mayar da taron shekara baya da mako guda. Malamai fiye da goma suka bar azuzuwansu, suka biya kuɗin mota daga ƙauyukansu, suka iske zauren taro a rufe. Sakatare bai rubuta komi ba. Wani ne ya ɗauki tsohuwar sanarwa, ya goge kwanan wata, ya rubuta nasa, ya bar hatimi da sa hannu yadda suke. Aikin bai ci masa minti goma ba.

Da muka zauna duba lamarin, na kawo shawarar mu riƙa sa wa sanarwowinmu sa hannu irin na lissafi, wanda kwamfuta ke iya tantancewa. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce hatimi ya ishi kakanninmu, mu ma ya ishe mu. Wani ya ce wannan harkar ƴan leƙen asiri ce. Na uku ya ce wahalarta ta fi amfaninta. Tun da ba a ba ni lokacin amsa musu a zaure ba, zan amsa a nan, domin na san ba ƙungiyarmu kaɗai ke da wannan ciwo ba.

Dattijo yana da gaskiya a abu guda. Wasiƙun sarakunan Sakkwato da na Borno na ƙarni na 19 suna ɗauke da hatimi, kuma hatimin ya yi aikinsa. Amma me ya ba shi ƙarfi? Abu ne guda ɗaya a hannun mutum guda. An buga shi kan takarda guda, tawadarsa ta shiga jikinta, manzo sananne ya kai ta hannu da hannu. Mai son yin jabu sai ya nemi gwanin sassaƙa, ya sayi bakin manzo, ya sa wuyansa cikin haɗari. Yau abin da ke iso mu hoto ne, kuma hoton hatimi ana yanke shi daga wannan takarda a liƙa a waccan, sau dubu in an so, ba tare da ya dushe ba. Mun riƙe kamannin abin, mun saki dalilin da ya sa kakanninmu suka yarda da shi. Kama da wane ba ta wane.

To mene ne wannan sa hannu na lissafi? Tushensa yana cikin wata maƙala da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka buga a Amurka a 1976, da kuma hanyar da Rivest da Shamir da Adleman suka fito da ita a 1977, wadda ake kira RSA. Mutum yana ƙera mabuɗi biyu masu alaƙa da juna. Ɗaya na sirri ne, ba ya barin hannunsa. Ɗayan na fili ne, yana raba shi ga kowa. Idan zai sa hannu, kwamfuta za ta bi rubutun daga farko har ƙarshe, ta matse shi ya koma wani gajeren jerin lambobi, kamar zanen yatsan wannan rubutu. Hanyar da ake kira SHA-256 tana ba da jeri mai alamomi 64, ko rubutun layi ɗaya ne ko littafi sukutum. Sai a haɗa wannan jeri da mabuɗin sirri, lissafi ya fitar da sa hannu. Wanda ya karɓi saƙon zai ba tasa kwamfutar abu uku: rubutun, da sa hannun, da mabuɗin fili na marubuci. Amsa biyu ce kawai: ya dace, ko bai dace ba.

A lura da bambancin. Hatimin roba iri ɗaya ne kan kowace takarda, shi ya sa ake sace shi. Sa hannun lissafi kuwa daga cikin rubutun aka haife shi. Wanda aka yi wa sanarwar Asabar ba zai zauna kan sanarwar Lahadi ba. Da sakatarenmu ya yi amfani da shi, da mai goge kwanan wata ya sha kunya tun a wayar farko.

Ba a buƙatar malamin tarihi ko na Hausa ya koyi wannan lissafi. An riga an tara shi cikin abin da masu rubuta manhaja ke kira laburare, wato rumbun kayan aiki da aka gwada, wanda kowace manhaja ke iya zuwa ta ɗiba. Misalin da na fi sani shi ne na gidan GnuPG. A cikinsa akwai Libgcrypt, rumbun da ke yin ainihin lissafin, da GPGME, ƙofar da sauran manhajoji ke bi su ce: sa wa wannan hannu, ko tantance mini wancan. Saurayin da ya koyi rubuta manhaja a Yamai ko Damagaram, in ya tashi gina wa wata ƙungiya hanyar fitar da sanarwa, ba sai ya ƙirƙiro lissafin kansa ba. Hasali ma masana na hana hakan, domin sabon lissafin da mutum ɗaya ya ƙulla a ɗakinsa shi ya fi saurin karyewa. Rumbun nan kyauta ne, kuma rubutun da aka gina shi da shi a buɗe yake, kowa na iya karantawa.

Na zo ga mai cewa harkar ƴan leƙen asiri ce. Tarihi ya nuna akasin haka. Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP a 1991 domin talaka ya samu abin da a da sai gwamnatoci da manyan kamfanoni ke da shi. A 1993 hukumomin Amurka suka buɗe bincike a kansa, saboda dokarsu ta lokacin ta lissafa irin wannan manhaja cikin makamai da ba a fitarwa waje. A 1995 maɗaba'ar jami'ar MIT ta buga rubutun manhajar baki ɗaya a matsayin littafi, tun da littafi yana da kariyar da makami ba shi da ita. A farkon 1996 aka rufe binciken ba tare da an tuhume shi ba. Sai wani Bajamushe, Werner Koch, ya fitar da GnuPG a watan Disamba na 1997, a kan ƙa'idar da daga baya aka rubuta da sunan OpenPGP, domin a samu wadda ba mallakin wani kamfani ba.

Ban da haka, mai wannan magana ya cakuɗa abu biyu. Ɓoye saƙo daban, sa masa hannu daban. Rubutun da aka sa wa hannu yana nan fili, kowa na karanta shi, har wanda ba shi da manhajar. Abin da aka ƙara kawai shi ne ƴan layuka a ƙasansa, ko wani ɗan ƙaramin fayil da ke rakiyarsa. Mai sa hannu yana cewa ne: ni na faɗa, kuma ba zan iya musantawa gobe ba. Wace ƙungiya ce mai gaskiya za ta ji tsoron wannan? Faransa, wadda muka gaji yawancin tsarin takardunmu daga gare ta, ta ba rubutun lantarki mai sa hannu ƙarfin shaida irin na takarda tun dokar 13 ga Maris na 2000. Amurka ta yi tata dokar a cikin wannan shekara. Mun gaji son hatimi daga ofisoshinsu, mun tsaya a inda su suka tashi shekaru fiye da ashirin da suka wuce.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, mu masu koyar da Hausa. Kwamfuta ba ta san ma'ana ba, lambobin haruffa take ƙirgawa. A tsarin Unicode, ƙ tana da lambarta daban da ta k, haka ɗ da d, haka ɓ da b. Idan wani ya karɓi rubutun da aka sa wa hannu ya mayar da ƙasa ta koma kasa, ko ɓata ta koma bata, sa hannun ya rushe nan take. Haka in aka ɗauki rubutun da ke da ƴ irin tamu ta Nijar aka mayar da ita 'y irin ta Najeriya domin masu karatu na Kano: sai marubuci ya sake sa hannu. Ko ɗan waƙafin sama na kalmar jama'a, in wata manhaja ta lanƙwasa shi da kanta, ya isa ya ɓata shaida. Wasu za su ce wannan tsanani ya yi yawa. Ni kuwa ina ganin mun samu abokin gwagwarmaya. Shekaru nawa muka yi muna gaya wa ɗalibai cewa lanƙwasa ba ado ba ce? Ga na'ura ta ƙi karɓar rubutun da aka cire wa lanƙwasa a matsayin rubutu ɗaya da na asali. Darasin a aikace shi ne a daidaita rubutu tukuna, a sa hannu daga baya, a tura shi a matsayin fayil yadda ba wata manhajar hira da za ta taɓa shi.

Saura mai cewa akwai wahala. Shi ne ya fi kusa da gaskiya, kuma ba zan yi masa rowar wannan ba. Tun 1999 wasu masu bincike biyu, Alma Whitten da Doug Tygar, suka gwada PGP da mutane goma sha biyu, yawancinsu suka kasa amfani da ita daidai cikin minti casa'in. Abubuwa sun yi sauƙi tun lokacin. Manhajar wasiƙa ta Thunderbird, alal misali, ta shigar da OpenPGP cikin jikinta tun 2020. Duk da haka sai an koya. Kuma rumbun manhaja aikin ɗan Adam ne, yana kuskure. A watan Mayu na 2008 aka gano cewa wani gyara da aka yi wa OpenSSL a cikin Debian tun 2006 ya sa mabuɗan da ake ƙerawa da shi ba su wuce kimanin 32,000 ba na kowane iri, adadin da kwamfuta ke iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya. A 2018 aka gano wata ɓaraka a GnuPG kanta, wadda ke iya sa wasu manhajojin wasiƙa su nuna sa hannun jabu a matsayin na gaskiya. An toshe ta a watan Yuni na shekarar. Amma a tambayi kai: yaya aka yi aka gano su? Domin rubutun a buɗe yake, idanu da yawa na kansa, kuma da aka gano an yi shela an gyara. Wa ya taɓa yin shelar gyaran hoton hatimi?

Ina kuma gargaɗin ƴan uwana masu zumuɗin sabon abu. Sa hannun lissafi yana shaida abu biyu tak: cewa mai riƙe da mabuɗi kaza ne ya sa hannu, da cewa rubutun bai sauya ba. Bai ce abin da aka rubuta gaskiya ne ba. Maƙaryaci ma yana iya sa wa ƙaryarsa hannu, sai dai ba zai iya jingina ta ga wani ba. Bai kuma ce mabuɗin na wane ne ba. Kowa na iya ƙera mabuɗi ya rubuta masa sunan sakatarenmu. Wannan giɓi mutane ne ke cike shi, kuma a nan muke da abin da wasu ba su da shi, domin mun san juna, muna haɗuwa ido da ido. Kowane mabuɗin fili yana da gajeriyar shaidarsa, alamomi 40 a irin wanda aka fi amfani da shi. Ana iya rubuta su a allo ranar taro, a buga su a bayan katin zama memba, a buga su a shafin mujalla irin wannan. Wanda ya kwafe su daga hannun mai su sau ɗaya ya huta. In kuwa an sace mabuɗin sirri, akwai takardar soke shi da ake tanada tun ranar ƙera shi.

Wani abu ya kamata ya ba mu kunya tare da sauran duniya. A watan Fabrairu na 2015 jaridar ProPublica ta bayyana cewa Werner Koch, wanda ƴan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam da masu rarraba manhaja a ko'ina suka dogara da aikinsa, yana gab da ajiye shi saboda rashin kuɗi. Sai da labarin ya fita gudummawa ta kwararo, Facebook da Stripe kowannensu ya yi alkawarin dalar Amurka 50,000 a shekara. Mutum ya ba da shekaru goma sha bakwai na rayuwarsa ya gina rumbu, ya bar ƙofarsa a buɗe. Mu kuma muna zaune muna cewa ɗiba ta yi mana wahala.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, su ba da yini ɗaya su koya. A ƙera mabuɗi ɗaya na ƙungiya, a ajiye na sirrin yadda ake ajiye littafin kuɗi, a bayyana shaidar na filin a babban taro. Daga ranar, duk sanarwar da ta shafi kuɗi, ko kwanan wata, ko matsayin ƙungiya kan wani al'amari, ta fita da sa hannunta. Ba sai kowane memba ya iya tantancewa ba; mutum ɗaya a kowane gari ya isa a kira shi a tambaya kafin a hau mota. Hatimin roba kuma a bar shi kan takardar da ake miƙawa hannu da hannu, can ne gidansa.

Malaman nan da suka iske zaure a rufe sun yi asarar kuɗin mota da yini guda na ɗalibansu. Gobe takardar jabu na iya ɗaukar lambar da za a tura kuɗin gudummawa, ko kalaman da za su jefa shugaban ƙungiya cikin shari'a kan abin da bai faɗa ba. Ga dattijon da ya ce hatimi ya ishi kakanninmu, ina cewa cikin ladabi: ranka ya daɗe, su sun nemi shaidar da ta fi ƙarfin maƙaryacin zamaninsu, mu ma ita muke nema. Allah ya sa mu dace.