Babur mai injekta a Doma: wa zai biya kuɗin lalube?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, duk abin da aka ce yana rage shan fetur sai ya sami masu saurare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. Shi ya sa zancen babur mai injekta, wanda ba shi da kafireta, yake shiga kunnen ɗan acaba da manomi. Ana cewa ba ya zuƙar mai, yana tashi bugu ɗaya ko da sanyin asuba, hayaƙinsa kaɗan ne. Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai masu yabonsa ribar kawai suke lissafawa, ba sa faɗin abin da zai fita daga aljihu ranar da ya fara shaƙewa a hanyar Rukubi.

Ba don manomin Doma aka ƙera shi ba. Dokar hayaƙi ce ta kawo shi. Indiya, ƙasar Bajaj da TVS, ta fara aiki da ƙa'idar BS-VI ranar 1 ga Afrilu, 2020, kuma daga nan yawancin baburan da ake sayarwa a cikinta suka rabu da tsohuwar kafireta. Turai ma ta ƙara tsaurara tata dokar da Euro 5 a shekarar. Babur ƙirar Boxer da ke dakon doya da riɗi da agushi a nan har yanzu mai kafireta ne, amma masana'antun sun riga sun juya, kuma 'yan Kwatano masu injekta suna shigowa.

A kafireta, idan ka murɗa totur, iska ce da kanta take jan mai. A mai injekta kuwa akwai sansar totur, wani ɗan ƙaramin abu baƙi a gefen maƙogwaron injin, ba ya wuce akwatin ashana, mai wayoyi 3. Ɗaya tana kawo masa wuta bolt 5 daga ƙwaƙwalwar babur, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun ita ke mayar da labari. Totur a sake, tana kai kusan rabin bolt. A murɗe shi ƙarshe, ta kai wajen 4 da rabi. Da wannan labari, haɗe da na zafin injin da na iskar da ke shiga, ƙwaƙwalwar take yanke yawan man da za a fesa. A cikin sansar akwai ɗan harshe da ke goga wata siririyar hanya ta gawayi, kuma inda aka fi ajiye totur nan ne yake fara cinyewa. Ɗan acaban da ke yini a gudu iri ɗaya shi zai fara jin babur yana fizga a daidai wannan wuri.

To, ga inda kuɗin suke fara zuba. Fizga, mutuwa a silo, shaƙewa idan an ba shi wuta, duk alamun sansar totur ne. Amma su ne kuma alamun famfon mai da ya yi sanyi, da injekta da ta toshe, da robar maƙogwaro da ta tsage tana shan iskar sata, da soket da ya yi tsatsa bayan wanki, da batir da ya kusa mutuwa, da filogi ma. Bakaniken da ya yi shekaru yana gane ciwon kafireta da kunne, a nan kunnensa ba ya isa. Idan ba shi da na'urar karanta laifi, sai ya koma canji: yau filogi, gobe kwayil, jibi a ce sansa ce. Kowane canji mai babur ne ke biya, kuma kayan wuta idan an ɗaura an kwance ba kowane mai shago ke karɓa ba. A wasu ƙananan babura ma sansar a haɗe take da na iska cikin gida ɗaya, ko a ce sai an sayi maƙogwaron gaba ɗaya.

Sai nisa. Daga Doma zuwa Lafiya kilomita 20 ne da 'yan kai, ba wani abu ba ga babur mai lafiya. Babur ɗin da ya mutu a Agbashi ko Rukubi, can wajen kogin Binuwai, sai an ɗora shi a mota, da damina kuma kowa ya san yadda hanyoyin ƙauye suke. A Lafiya idan ba a sami kayan ba, a buga waya Kano ko Nnewi, a zauna jira. Kafireta kuwa a gindin mangwaro ake kwance ta da sukundireba, a wanke da fetur a murfin galan, a busa jet da baki, a mayar kafin la'asar. Kwanakin jiran nan ba sa shiga rasit, amma ɗan acaban da ke kai balas kullum ya san farashinsu, haka manomin da kayansa suka kwana a gona ranar kasuwa.

Sai man kansa. Famfon da ke cikin tanki yana turo fetur da ƙarfin kusan bar 3 ta ramukan da ido da ƙyar yake gani, kuma man da yake ninƙaya a ciki shi ke sanyaya shi. Mu kuwa mun saba da sayen lita ɗaya a kwalba wajen 'yan bumburutu, a yi ta tafiya da ƙasan tanki. Kafireta tana haƙuri da wannan, famfo ba ya yi. Ko gidan mai ma ba kullum ake dacewa ba: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai yawan methanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci da yawa suka lalace. Ƙara ƙurar hunturu a kan matatar iska, ƙara batir, wanda mai Boxer kan yi wata da watanni ba tare da shi ba yana harba kik.

Mu yi wa ɗaya ɓangaren adalci. A ce mutum yana ƙona lita 3 a yini, a ce injekta ta rage masa kashi 1 cikin 10, lita kuma naira 1,000. Naira 300 ke nan a rana, 90,000 a kwana 300 na aiki. Ba ƙaramin kuɗi ba ne. Amma daga ciki za a cire bambancin farashin saye, da gyara ɗaya da aka yi ta lalube, da kuɗin mota, da kwanakin zama, da ragin da mai saye na biyu zai nema idan ya ji ba a iya gyaran irinsa a gari.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwajin ba shi da tsada. Mitar auna wuta ta hannu ta isa. A kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, a sa allura a bayan soket, a tabbatar bolt 5 na zuwa, sannan a murɗa totur a hankali ana kallon lamba. Idan tana hawa sumul, a ƙyale sansar a nemi laifin a wani wuri. Idan ta yi tsalle ko ta faɗi sifili a tsakiya, an kama ɓarawo. Wasu baburan ma da kansu suke faɗa: a Honda masu injekta ta PGM-FI, fitilar gargaɗi tana ƙyaftawa sau 8 idan matsalar ta sansar totur ce. Aikin minti kaɗan ne ga wanda aka koya wa, kuma koyarwar nauyin masu shigo da kayan ne, tun da su ke cin ribar sayarwa.

Mai aikin ofis da ke zirga-zirga a kwalta tsakanin Doma da Lafiya, yana shan mai a gidan mai ɗaya, zai iya saye. Wanda kuwa babur ɗin ne jarinsa, kafin ya miƙa kuɗi ya ce wa dila ya nuna masa bakaniken da ke da mita da na'urar karanta laifi, ya kuma ɗauko masa sansar totur da famfon mai daga kan kanta ya faɗi farashinsu. In dila ya fara kame-kame, a tsaya a kan mai kafireta tukuna.