Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Bakwaini Da Hunturu

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi,
Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

 

Ranka ya daɗe, kuka na kawo a madadin waɗanda ko kukan nasu ba ya fita da ƙarfi: jariran da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, waɗanda muke kira bakwaini, da waɗanda suka zo duniya da ciwon zuciya, da masu amosanin jini. Iska ta juya, hazo ya sauko, mura da tari sun shiga gida-gida. Abin da babba zai sha ruwan zafi da citta ya warke a kwana uku, shi ne yake kai irin waɗannan yara kushewa.

Hunturun bara ƙanwata ta haihu, cikin bai kai wata takwas ba. Yaron ya yi mako biyu a kwalba. An raɗa masa suna yana asibiti, aka ɗage taron mata sai an sallamo su. Ranar taron ɗaki ya cika maƙil, an rufe taga saboda sanyi, turaren wuta yana tashi, yaro yana yawo daga wannan hannu zuwa wancan. Wata goggonmu da ta taso daga nesa da kuɗin motarta, mura ta kama ta sosai. Ta yi tari a gefen mayafi, ta share hanci, ta miƙa hannu aka ba ta shi. Na dubi ƙanwata, na ga idonta ya kawo ruwa, amma bakinta bai motsa ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta bar ta ko kallonsa a gaban manya ba, balle ta ce wa goggo ta dakata. Ni ma da nake yayarta shiru na yi. Bayan kwana huɗu ya ƙi kama nono, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa duk sa'ad da ya ja numfashi. Kwana tara ya yi da robar oksijin a hanci kafin Allah ya tashi kafaɗarsa.

Ban ga laifin goggo ba, ƙauna ce ta kawo ta. Matsalar ita ce a ɗakin nan ba wanda yake da hurumin cewa a'a. Ma'aikaciyar jinya ta gargaɗe mu ranar sallama, amma maganarta a ƙofar asibiti ta tsaya. A cikin gida, uwar miji da kaka da liman da mai unguwa ake ji. Wannan ne ya sa na rubuto wa Mai Alfarma, ban rubuta wa minista ba.

Mun ga abin da bakin sarakuna ya yi. A 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a wasu jihohinmu, cutar ta sake bazuwa. Da Mai Alfarma ya ja sarakunan Arewa suka shiga gaba, sarki ya ɗiga wa ɗansa maganin a bainar jama'a, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, sai ƙofofin da suka daɗe a rufe suka buɗe. A watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Wannan hanya tana nan, ba ta toshe ba. Roƙona shi ne a bi ta da saƙon jarirai masu rauni.

Nauyin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020, wato ɗaya cikin kowace haihuwa goma, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Ciwon nimoniya, wanda muke ce wa sanyin haƙarƙari, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a duniya a 2019. Bakwaini ya fi kowa shiga haɗari, domin a watannin ƙarshe na ciki ne uwa take zuba wa ɗanta mafi yawan garkuwar jikinta, a lokacin ne kuma huhu yake ƙarasa nuna, kitse yake taruwa a ƙarƙashin fata. Wanda ya fito da wuri ya baro rabonsa a baya. Hanyoyin iskarsa sirara ne, 'yar majina kaɗan ta isa ta toshe su. Allurar mura kuwa ba a yi wa jaririn da bai kai wata shida ba. Garkuwarsa ita ce nonon uwa da tsabtar hannun mutanen da ke kewaye da shi.

Akwai kuma haɗarin da tausayi yake jawowa. Sanyi ya yi tsanani, sai a ɗebo garwashi a kasko a kai ɗakin mai jego, a toshe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutum yana barci. Hayaƙin icce kuma yana cin huhun yaro sannu a hankali, har hukumar lafiyar nan ta danganta kusan rabin mace-macen nimoniya na ƙananan yara da hayaƙin cikin gida.

Alhali ɗumin da ya fi kowane ɗumi yana jikin uwa. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, kwalaben jarirai suka yi kaɗan, likitoci suka koma ɗaura bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, daga shi sai hula da ƙyallen tsuguno, a rufa musu zane. Binciken da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da nan Najeriya a Ile-Ife, ya nuna fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi ɗaya cikin huɗu. Mu da muka gaji goyo tun kaka da kakanni, ba a bukatar koya mana ɗaurin zane. Abin da ya rage a juyo da yaro daga baya zuwa gaba, a kuma ɗauke wa mai jego daka da wanki don ta samu zama. In ta gaji, kaka ta karɓa. Uban yaro ma ya ɗaura, ba abin kunya ba ne, musamman in an ji daga fada.

Don haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo. A umarci limaman Juma'a su ware huɗuba a farkon hunturu, su bayyana cewa raɗin suna da yankan rago ba su bukatar a yi ta yawo da jariri, kuma ɗage taron mata har yaro ya yi ƙwari ba yanke zumunci ba ne. Su faɗa ƙarara cewa mai mura ko tari ya yi barkarsa daga tsakar gida ko ta waya, addu'arsa za ta isa. Wanda zai ɗauki yaro ya wanke hannu da sabulu, kada ya sumbace shi a fuska. In mai jegon ce ta kamu, ta rufe hanci da baki, ta ci gaba da shayarwa.

Masu unguwanni sun san duk gidan da aka haihu. A haɗa su da ungozomomi da wanzamai a koya musu alamomin da ba a kwana da su: jaririn da bai kai wata biyu ba yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ƙirji yana lotsawa, ya ƙi nono, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, leɓe ya sauya launi, ko ya yi laƙwas ba ya motsi. A nan ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Mazaje su bayar da izinin fita tun kafin bukata ta taso. A tuna wa iyaye rigakafin mako 6 da 10 da 14, wanda a cikinsa akwai na nimoniya da na tarin shiƙa, kuma bakwaini ma ana yi masa. Mai amosanin jini a lulluɓe shi da kyau, in ya yi zazzaɓi a garzaya da shi.

Sai roƙo na ƙarshe. Idan gwamnoni sun zo gaisuwa, Mai Alfarma ya tambaye su asibitoci nawa ne a ƙananan hukumominsu suke da oksijin da wutar da ba ta ɗaukewa a ɗakin jarirai. Uwar da ta ji kira ta fito da tsakar dare, bai kamata ta tarar da tukunyar iska wayam ba.

Ɗan ƙanwata yanzu yana rarrafe. A layinmu kuwa wata yarinya ta haifi bakwaini makon jiya, kuma dangi sun fara shirin zuwa barka. Ita ma ba za ta iya cewa a'a ba. Amma in liman ya faɗa ranar Juma'a cewa saƙon daga Sakkwato ya fito, uwar mijinta ce da kanta za ta tsaya a bakin ƙofa da buta da sabulu.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi, ya raya mana zuriya. Wassalam.

Daga 'yarka mai biyayya,
yayar wata mai jego.