Gyaran hanji: A fara zuwa gwaji kafin a sayi allurar intanet

Duk mai fama da ƙwarnafi ko kumburin ciki a Kaduna ba ya rasa mai ba shi magani. Daga bakin Kasuwar Sheikh Gumi zuwa tashar Kawo, masu lasifika na tallar gorunan "wankin ciki". Yanzu kuma wani sabon talla ya shigo ta TikTok da WhatsApp: allurar feftayid, musamman wadda ake kira BPC-157, da ake cewa tana ɗinke hanji har jiki ya riƙa tsotsar bitamin yadda ya kamata. Tallan ya zo da Turanci mai daɗi, amma tambayar da ta dace da mai lasifika ita ce ta dace da shi: ina shaida?

Feftayid ba ƙarya ba ne. Guntun furotin ne, kuma insulin da masu ciwon suga ke amfani da shi ɗaya ne daga cikinsu. Akwai ma teduglutide, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2012 domin waɗanda aka yanke wa kaso mai yawa na hanji. BPC-157 bai kai wannan matsayi ba. Yawancin binciken da aka yi a kansa a kan ɓeraye ne, hukumomin magunguna na Amurka da Turai ba su amince da shi ba, kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi tun 2022. Wanda ya soka wa kansa wannan allura ya mayar da jikinsa wurin gwaji, kuma shi ya biya kuɗin.

Yadda jiki ke ɗaukar bitamin kuwa sananne ne. Bitamin A da D da E da K sai da maiƙo hanji ke tsotsarsu, shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi zogale gaya amfani. Sinadarin ayan mai ƙara jini yana shiga jiki sosai idan an haɗa abinci da lemo ko gwaiba, shayi kuma yana rage shigarsa idan an sha tare da abinci. Bitamin B12 na buƙatar ruwan tsamin ciki, don haka wanda ya shekara da shekaru yana sayen omeprazole a kyamis ba tare da likita ba, zai iya samun ƙarancinsa. Haka ma mai shan metformin na tsawon lokaci.

Ita kanta olsa, mafi yawanta ƙwayar cutar H. pylori ce ke kawo ta, sai kuma yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Ana gano ƙwayar ta gwajin bahaya, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kimanin kwana 14. Magidancin da ya tsallake wannan gwaji ya koma sayen allura zai iya wayar gari da gyambon da ke zubar da jini, bayan kuɗin cefane sun tafi a banza. Baƙin bahaya, ko amai da jini, ko ramar da ba a san dalilinta ba, alamu ne na a garzaya asibiti irin Barau Dikko, ba a tsaya tura saƙo ga mai talla ba.

Ya kamata hukumar NAFDAC ta bi masu wannan ciniki har cikin waya, kamar yadda take shiga kasuwanni. Amma kafin ta iso, mai ciwo ne ke da ta cewa: ya nemi gwaji, ya sha maganin da likita ya rubuta har ƙarshe, sannan ya gyara abin da ke cikin kwanonsa.