Araha Ba Ta Ado: Zaɓen Kamshaf Da Bawul Ga Injin Mota Mai Gudu

Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ya san injin mota ba ya mutuwa haka kawai, sai an sami wani ɗan ƙarfe guda da ya ci amanar sauran. A injin da aka ƙara wa ƙarfi domin gudu, wannan ƙarfe sau da yawa yana cikin kayan da ke buɗe bawul da rufe shi, watau kamshaf da tafet da sifirin. Abin takaici shi ne, a nan ne masu motoci suka fi neman rangwame. Mutum zai kashe dukiya wajen fenti da tayoyi, sa'an nan ya tsaya ciniki a kan sandar da ran injin ke rataye da ita.

Kamshaf dai sanda ce ta ƙarfe mai tozaye a jikinta. Idan ta juya, kowane tozo sai ya tura tafet, tafet ya tura bawul ya buɗe domin mai da iska su shiga silinda ko hayaƙi ya fita, sa'an nan sifirin ya mai da bawul mazauninsa. A injin mota irin wanda aka saba da shi, kamshaf tana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf. Ke nan idan injin yana juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, alhali bawul ɗin fitar hayaƙi yana cikin zafin da kan kai digiri 700 a ma'aunin Salsiyas. Ƙarfen da zai jure wa wannan wahala ba a zaɓensa da ido ko da ƙyallin kwalinsa.

Kuskure na farko da masu neman gudu ke yi shi ne zaton cewa kamshaf mafi girman tozo ita ce mafi kyau. Gaskiya ne babban tozo yana buɗe bawul sosai, ya kuma bar shi a buɗe na tsawon lokaci, don haka injin yana samun ƙarfi idan ya hau juyi mai yawa. Amma abin da aka samu a sama, a ƙasa ake biyansa. Injin zai riƙa karkarwa a silo, ya yi nauyin tashi a cunkoson gari, ya ƙara shan mai. Abin da ya fi wannan haɗari kuwa, zuƙar iskar da injin ke yi takan ragu, kuma a yawancin motocin fetur da wannan zuƙar ce ake sauƙaƙa taka birki. Ma'aikacin da ke zuwa ofis da motarsa kullum, ya sa mata kamshaf ta filin tsere, ya sayi gudun da ba zai mora ba, ya kuma raunana birkin da yake bukata a kowace mararraba.

Kuskure na biyu shi ne tsintar kayan daga nan da can. Kamshaf da tafet da sifirin 'yan gida ɗaya ne, tare aka auna su, kuma tare ya kamata a saye su daga masana'anta guda wadda ta rubuta awonsu a takarda. Idan sifirin ya yi laushi, bawul ba zai komo da wuri ba, sai fistin ya tarar da shi a hanya ya lanƙwasa shi. Idan ya yi tauri fiye da kima, sai ya cinye tozon. Ƙwararrun masu haɗa injin sukan bar tazarar kimanin milimita 1.5 kafin zaren sifirin ya haɗe da juna, su bar kimanin milimita 2 tsakanin fistin da bawul ɗin shigar iska, da milimita 2.5 a ɓangaren hayaƙi. Ba a sanin wannan sai da awo, ta hanyar ɗora ɗan yumɓu a kan fistin, a juya injin da hannu, sa'an nan a auna kaurin abin da ya rage. Har ila yau, ba a ɗora tsohon tafet mai shafaffen ƙasa a kan sabuwar kamshaf, domin ya riga ya ci daidai da tsohon tozonsa.

Na uku shi ne sha'anin baƙin mai, kuma abin da ya faru a Amurka ya isa darasi. Tun da daɗewa ana zuba wa baƙin mai wani sinadari mai ɗauke da zink da fosfaras, wanda ake kira ZDDP, domin ya shimfiɗa kariya a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Da aka lura fosfaras yana lalata na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, sai ƙa'idar da aka fitar a 2004 ta rage iyakarsa daga kashi 1,000 zuwa kashi 800 cikin miliyan a ire-iren mai marasa kauri, kamar 5W-30. Sababbin motoci, waɗanda yawancinsu ke da tafet ko roka mai gargare, ba su damu ba. Amma a shekarun da suka biyo baya masu haɗa tsofaffin injuna da tafet mai shafaffen ƙasa da sifirin mai tauri sun yi ta kukan tozaye suna goguwa tun injin bai yi nisa ba. Wasu sun ɗora laifin a kan man, wasu a kan tafet marasa nagarta da suka cika kasuwa. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya ne: garin ƙarfen da ya gogu sai ya bi mai ya zaga cikin injin, ya zama dole a sake warware shi baki ɗaya. Wannan ne ya sa masu ƙera irin wannan kamshaf suke umartar a shafe ta da man haɗi na musamman, a yi amfani da mai mai isasshen zink, kuma a tashin farko a riƙe injin a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30 ba tare da barinsa a silo ba.

Wani zai ce kayan asali sun yi tsada, kuma ba kowa ne ke da hali ba. Wannan magana tana da gaskiyarta. Sai dai mai ƙaramin hali shi ne wanda bai kamata ya yi caca ba, gama ba zai iya sayen injin sau biyu ba. Idan kuɗin cikakken jeri bai samu ba, barin kamshaf ɗin da kamfani ya sa, wadda aka gwada ta shekara da shekaru, ya fi hikima nesa ba kusa ba. Hasali ma tsohuwar kamshaf ta asali da aka auna tozayenta aka ga ba su ci ba ta fi sabuwa ta jabu wadda ba a san inda aka zuba ta ba.

Tarihi ma ya goyi bayan mai haƙuri. A 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna, irin wannan mota ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a hannun Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, a kan hanyoyin ƙura da taɓo na dubban kilomita. A irin wannan gasa, motar da ta isa ƙarshe da injinta lafiya ita ke cin kofi, komai gudun waɗanda suka mace a daji.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Ya kamata Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta ƙara sa ido a kan kayan cikin injin da ake shigowa da su, domin jabunsu ba ya bayyana sai bayan an rufe injin an biya kuɗi. Kwalejojin koyon sana'a su horar da ɗalibansu a kan ma'aunin kauri da ma'aunin ƙarfin sifirin da karanta takardar awo, yadda bakanike zai iya ƙin kayan banza da hujja. Jami'an da ke sayen kayan gyaran motocin gwamnati su daina ɗaukar mafi araha a matsayin mafi dacewa. Shi kuma mai mota, kafin ya miƙa kuɗinsa, ya nemi sanin wanda ya ƙera kamshaf ɗin, ya ga takardar awonta, ya tambayi sifirin da man da aka ce a haɗa ta da su. Mai sayarwar da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi, to, a bar masa kayansa.