Kada Mu Bar Kowa a Ɗakin Kwana

Kowace shekara idan ruwa ya ɗauke, makarantarmu takan shirya yawon buɗe ido. Wani lokaci mu hau duwatsun Shere da ke gabas da Jos, wani lokaci mu tafi Yankari a Jihar Bauci. Mukan dawo da hotuna da labarai, amma ba mu cika tambayar kanmu su wa muka bari a baya ba.

A tafiyar da ta wuce, wani ɗan'uwanmu wanda shan inna ya shanye wa ƙafa ya raka mu har bakin mota a kan kekensa, ya ɗaga mana hannu, ya koma ɗakin kwana. Babu wanda ya hana shi zuwa, amma babu wanda ya shirya dominsa. Ai wannan ma hanawa ce.

Wasu za su ce dutse ba wurin gurgu ko makaho ba ne. Gaskiya ne ba za a baje Shere ba, tsayinsa ya kai mita 1,829. To, dole ne sai an kai ƙololuwa kafin a sha iska? A Yankari daga cikin mota ake kallon namun daji. Ruwan Wikki kuwa, mai ɗumin digiri 31, jiki ne yake jin daɗinsa, ba ido ba.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a. Mu kuwa ba sai mun jira doka ba. A Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye, da suka rasa hanya ta ƙofa sai suka buɗe rufin ɗaki domin su kai shi gaban Yesu.

Saboda haka muna roƙon Shugaban Makaranta da malamanmu abu uku. Na ɗaya, a zauna da 'yan'uwan nan a ji ta bakinsu kafin a zaɓi wuri, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, a aika mutum ya duba hanya tukuna: ina keke zai wuce, ina za a huta. Na uku, mu fara daga gida. Hanyar da take zuwa gonar makaranta mu share duwatsunta, mu cike ramuka, mu ja igiya a gefe saboda makafi. Muna da fartanya da baro, aikin Asabar biyu ne kawai. Iyayenmu na ikkilisiya kuma su taimaka da katakon benci.

Allah ya sa baɗi motarmu ta tashi da kowa a ciki. Amin.