Takardar da Malam Ya Bari a Cikin Adaka

Wani mai karatu ya rubuto mini daga unguwar Yelwa a Jalingo, ya ce mahaifinsu, tsohon hedimasta ne, ya rasu bara. Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado aka buɗe adakarsa, sai ga wata takarda mai kauri a naɗe cikin tsohuwar jarida, tana shaida cewa marigayin ya sayi hannun jari na Naira 100 a wani kamfanin buga littattafan makaranta tun zamanin Jihar Gongola, yana koyarwa a Yola. Magada sun kasu biyu. Wasu sun ce arziki ne ya kwana shekara arba'in da ɗoriya yana jiransu, wasu kuwa sun ce takardar ko ƙunshin ƙosai ba ta yi. Shi ne yake tambaya, wa ke da gaskiya?

Bari mu koma baya kaɗan. A 1972 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa, a 1977 kuma Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙara tsananta ta, har ya zama tilas manyan kamfanoni su sayar wa 'yan Nijeriya kashi 40 ko 60 cikin ɗari na jarinsu. Ta wannan ƙofa ce Oxford University Press, wanda ya kafa reshe a ƙasar nan tun 1949, ya zama University Press na Badun, aka kuma sa shi a kasuwar hannun jari ta Ikko a 1978. Ɗalibai na wancan lokaci za su tuna da ƙamus ɗin Hausa zuwa Turanci da Oxford ya buga a 1977. Takwaransa Longman Nigeria, wanda aka kafa a 1961, bai shiga kasuwar ba sai 1996, kuma da Turawan Pearson suka janye hannunsu a 2011 ya koma Learn Africa.

Malamin da ya zuba kuɗinsa a irin wannan kamfani ba wauta ya yi ba. A 1976 aka soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, ya kuwa ga yara da idonsa suna tuttuɗowa aji har ana zama a gindin bishiya. Kowane yaro kuwa sai da littafi. Ga shi sana'a ce mai tsabta, wadda malami ba zai ji kunyar cin ribarta ba. In da ni ne a wannan shekara, da albashi a hannu, da haka zan yi.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. A 1980 Naira ta fi Dalar Amurka daraja, Dala guda ba ta wuce kwabo 55 ba. Watau Naira 100 ta Malam ta kai kimanin Dala 180. A 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, tun daga ran nan take gangarawa, har a 2024 Dala guda ta haura Naira 1,500. Ashe kenan, kafin magada su ce ko uwar kuɗi ta dawo, sai takardar nan da duk abin da ta haifa sun kai wajen Naira 270,000. Alhali kuwa a cikin 2024 ɗin, hannun jari guda na University Press ko na Learn Africa bai kai Naira 10 ba.

Kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci da wannan kaɗai. Hannun jari kamar saniya yake, ba a ƙimanta ta da farashin kasuwa kurum, sai an haɗa da nonon da aka tatsa da 'yan maruƙan da ta haifa. Nonon shi ne ribar da kamfani ke rabawa a ƙarshen shekara, maruƙan kuwa su ne ƙarin hannuwan da akan ba mai jari kyauta gwargwadon abin da ya mallaka. Mai hannu 200 a 1978 yana iya wayar gari da dubbai ba tare da ya ƙara ko sisi ba. Duk da haka, a ganina, da wuya waɗannan su cike ramin da faɗuwar Naira ta haƙa.

Me ya hana sana'ar littafi bunƙasa yadda yara suka yawaita? Takarda dai daga ƙetare ake sayo ta da Dala, tun da masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka durƙushe, littafin kuwa da Naira ake sayar wa uban da albashinsa bai kai ƙarshen wata. Ga masu buga na jabu, waɗanda ba su biyan marubuci, ba su biyan haraji, suna shimfiɗa kayansu a kowace kasuwa a rabin kuɗi. In an sake manhaja, littattafan da ke jibge a sito sun zama abincin gara. Hukumomi su saya da yawa, biya kuwa sai ta Allah. Ciniki kansa na lokaci guda ne, in an koma makaranta a watan Satumba.

Na san abin da 'yan Yelwa za su ce: da Malam fili ya saya. Gaskiya ne, tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba ran 27 ga Agusta, 1991, Jalingo ta zama babban birni, fegin da ake noma gyaɗa a kai ya zama abin da sai mai hali. Sai dai a 1978 babu wanda ya san za a yi haka, kuma bayan an ga ƙarshen wasa kowa gwani ne.

Abin da ya fi damuna shi ne nonon da ba a tatsa ba. A da, takardar ribar shekara ta gidan waya ake aiko ta. Malam ya bar Yola, akwatin gidan wayarsa ya koma hannun wani, ba mamaki ribar shekaru da dama tana can ba a karɓa ba. Irin wannan kuɗi da ba a zo nema ba a ƙasar nan, Hukumar Kula da Hannun Jari ta ce ya kai wajen Naira biliyan 190 a 2023. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta ce ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba za ta koma wani asusu na Gwamnatin Tarayya, ko da yake mai ita na da ikon nema.

Saboda haka na amsa wa mai wasiƙa cewa kada a yaga takardar, kada kuma a sayar wa kowa a gaggauce. Su fara samun takardar kotu mai nuna su ne magada, su rubuta wa rajistaran kamfanin ya faɗa musu hannu nawa Malam ke da shi yau da ribar da ta taru, sa'an nan su nemi dillali mai lasisi ya buɗe musu asusu, a riƙa zuba ribar a banki kai tsaye. Su kuma lissafa kuɗin kotu da na zirga-zirga tukuna, don magada goma sha ɗaya ne, in ji shi, kuma har yanzu ba a faɗa wa matan komai ba.